Wasiƙa Zuwa ga Edita: Mu Kula da Ƙananan Manhajojin da Muke Ɗora wa Kwamfutocinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, alhali kuwa yana taɓa aljihun mutane da asirinsu a kullum, wato yadda muke zaɓen ƙananan manhajojin da muke ɗora wa kwamfutocinmu na tebur da na cinya. Ba manyan manhajoji irin su Windows ko Word nake nufi ba. Ina nufin ƙananan nan da kowace ke yin aiki guda, kamar buɗe fayil ɗin da aka matse, ko karanta takardar PDF, ko rage nauyin hoto, ko kunna bidiyo, ko nemo wata takarda da ta ɓuya a cikin kwamfuta. Sana'ata ita ce buga takardu da kwafarsu da cike wa jama'a fom a intanet a wani ɗan shago a unguwar Nima da ke Accra, kuma na daɗe ina ganin yadda waɗannan ƙananan abubuwa ke gyara wa mutane aiki ko su ɓata shi. Ra'ayina shi ne, duk manhajar da mutum ya ɗora wa kwamfutarsa ya ba ta ikon shiga duk abin da ke ciki, saboda haka bai kamata a ɗora ko guda ɗaya ba sai an san aikin da za ta yi, an san wanda ya rubuta ta, an kuma san ta inda yake samun abincinsa.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu a Nima da Maamobi da Newtown da Madina Zango na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso Gana, kuma da yawansu a kasuwar Tip Toe Lane da ke yankin Circle a Accra ake sayo su. Irin wannan kwamfuta sau da yawa RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, bai wuce gigabait 4 ba, kuma faifan ajiyarta ya riga ya sha aiki. Duk da haka, al'adar da ta zauna ita ce mai saye ya ce wa mai sayarwa ya cika masa ita da manhajoji, shi kuma ya cika ta daga filashinsa a matsayin gyara. Ba na ɗora laifin a kan 'yan kasuwar kaɗai, domin idan suka miƙa kwamfuta babu komai a kan allonta, mai saye zai ɗauka an cuce shi. Sakamakon dai shi ne ake kawo mini kwamfutoci masu manhajar rigakafin bairos guda biyu suna kokawa da juna, da manhajojin kallon bidiyo guda uku, da wata mai iƙirarin ƙara wa kwamfuta gudu, da wata mai sauke fayil wadda aka fasa kullenta.

Wata ɗaliba da ke shirya kundin kammala karatunta ta taɓa kawo mini tata tana kuka da cewa sai ta kunna ta, ta je ta yi alwala ta yi salla, sannan kwamfutar take gama farkawa. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, muka shiga sashen manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, sai ga jeri mai tsawo wanda ita kanta ba ta san sunan mafi yawan abin da ke cikinsa ba. Na riƙa nuna mata su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko ta taɓa buɗe wannan, tana girgiza kai. Muka cire duk wadda ba ta amfani da ita, muka hana sauran tashi da kansu, kuma a ranar kwamfutar ta dawo hayyacinta ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Ta zo ne da niyyar sayar da ita da hasara ta ƙara kuɗi ta sayi wata.

Saboda haka tambayar farko kafin a sauke komai ita ce, shin Windows ba ta riga ta zo da abin da ake nema ba? Mutane da yawa ba su san cewa danna maɓallin Windows da Shift da S yana ba su damar ɗaukar hoton kowane yanki na allo ba, ko cewa maɓallin Windows da V yana nuna jerin abubuwan da aka kwafa a baya idan an kunna shi, wanda babban sauƙi ne ga mai cike fom da ke maimaita suna da lambar waya da adireshi. Tun daga Windows 10 akwai firinta ta cikin gida mai suna Microsoft Print to PDF, wadda ke mayar da duk abin da za a iya bugawa ya zama PDF. Akwai Disk Cleanup da Storage Sense na share tarkacen da ke cin wuri, akwai kuma Microsoft Defender na rigakafin bairos, wanda ya ishi mai amfani na yau da kullum muddin ana sabunta shi. Daga shekarar 2023 ma Windows 11 ta fara buɗe matsattsun fayiloli irin na RAR da 7z da kanta. Duk aikin da aka samu a cikin gida an rage manhaja guda da za a yi ta kula da ita.

Nau'in da na fi so a guje wa shi ne manhajojin da ke alƙawarin tsabtace kwamfuta da ƙara mata gudu da sabunta mata direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassanta. Salonsu iri ɗaya ne: su yi bincike na 'yan daƙiƙoƙi, su nuna jan rubutu cewa sun gano ɗaruruwan matsaloli, sannan su nemi kuɗi kafin su gyara. Mafi yawan abin da suke kira matsala ragowar rubutu ne a rajistar Windows, wato inda take ajiye saitunanta, wanda ba ya rage gudun komai, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, domin goge abin da bai kamata ba yana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Akwai kuma darasi a abin da ya faru da CCleaner, wadda ta fi kowace shahara a wannan fanni. A shekarar 2017, jim kaɗan bayan kamfanin Avast ya sayi Piriform mai yin ta, masu kutse sun cusa mugun abu a cikin sigarta ta 5.33, aka yi ta rarraba ta daga shafin kamfanin na gaskiya, ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya, tun daga tsakiyar Agusta har zuwa Satumba, kuma kwamfutoci kimanin miliyan 2.27 suka sauke ta. Waɗanda abin ya shafa ba su yi ganganci ba, daga inda ya dace suka sauke. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, tun da manhaja mai suna ma tana iya zama hanyar shigowar ɓarna, babu hikima a tara waɗanda ba a buƙata.

Tambaya ta biyu ita ce wadda mutanenmu ba su cika yi ba: wannan da ya ba ni manhajarsa kyauta, ta ina yake samun nasa? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kyauta ta gaskiya, kuma tana da alamomi. 7-Zip, wadda wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999, ba ta kai megabait 2 ba wajen saukewa, ba ta nuna talla, ba ta neman rajista, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk masanin da ke son ya duba. Tana buɗe ZIP da RAR da 7z, tana kuma iya kulle fayil da kalmar sirri ta hanyar tsarin ɓoye bayanai mai suna AES-256, abin da ke da amfani ga mai aika takardun ciniki. VLC kuwa ta faro ne a matsayin aikin ɗalibai a makarantar École Centrale da ke Paris a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma har yau ƙungiyar VideoLAN, wadda ba ta neman riba, ita ke kula da ita da gudummawar jama'a. Ita kaɗai ta isa ta kunna kusan kowane irin bidiyo ko sauti, daga karatun tafsirin da aka turo ta WhatsApp har zuwa bidiyon biki, ba tare da an ɗora wasu tarkacen ƙari ba. Irin waɗannan an san masu su, an san tarihinsu na shekaru fiye da 20, an kuma san cewa ba bayanan mai amfani suke sayarwa ba.

Akwai kuma kyautar da tarko ce, wadda mai ita ke samun kuɗi ta hanyar cusa talla, ko canza shafin farko na burauza, ko shigo da wasu manhajoji a ɓoye, ko kwashe bayanan abin da mutum ke yi. Mafi muni ita ce manhajar kuɗi da aka fasa kullenta, wadda matasanmu ke kira kirak. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhajar wani ya baza ta a intanet ba don Allah ya yi ba, kuma umarnin farko da yake bayarwa shi ne a kashe rigakafin bairos kafin a ɗora. Wannan daidai yake da a ce mutum ya sallami mai gadi da dare domin baƙon da bai sani ba ya ce ba zai shigo ba sai an yi hakan. Ta wannan hanya ake sace kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, a shiga imel da Facebook na mutum, a riƙa roƙon kuɗi da sunansa a wurin 'yan'uwansa. Abin takaicin shi ne, sau da yawa aikin da ake fasa manhajar dominsa akwai halastacciyar kyauta da ke yin sa. Misali, WinRAR manhajar kuɗi ce mai gwajin kwana 40, amma na ga kwamfutoci da dama ɗauke da fasasshiyar sigarta, alhali 7-Zip tana biyan wannan buƙata ba tare da haɗari ko haƙƙin kowa ba.

Maganar haƙƙi ta sa dole in ambaci wani abu da ya shafi masu shago irina. Ba kowace kyauta ce kyauta ga ɗan kasuwa ba. IrfanView, wadda Irfan Škiljan ɗan asalin Bosniya ya fara fitarwa a 1996, manhaja ce mai sauƙi ƙwarai wajen duba hotuna, kuma tana iya rage girman hotuna masu yawa a lokaci guda, abin da mai shirya hotunan fasfo ke buƙata a kullum. Amma sharaɗin mai ita shi ne kyauta ce ga amfanin gida da makarantu, wanda kuwa zai nemi kuɗi da ita sai ya sayi lasisi. Mu da muke kula da halal a mudu da sikeli, ya kamata mu kula da shi a nan ma. Wanda ba zai iya biya ba yana da mafita, domin a cikin PowerToys, tarin ƙananan kayan aikin da Microsoft ta farfaɗo da su a 2019 kuma take bayarwa kyauta, akwai na rage girman hotuna da na canza wa fayiloli da yawa suna a lokaci guda.

Bayan an san manhajar da ake so, sai batun inda za a samo ta, kuma a nan ne mutane masu hankali ma suke faɗawa. Mutum ya rubuta sunan manhaja a Google, ya danna sakamakon farko, bai lura cewa talla ce da wani ya biya kuɗi aka ɗora ta a sama ba. A watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna sayen irin wannan talla suna kwaikwayon shafukan kamfanoni domin su raba mugayen manhajoji. Maganin shi ne a san adireshin gaskiya a rubuta shi da hannu, kamar 7-zip.org da videolan.org, ko a nema a Microsoft Store. Idan shafi yana da manyan maɓallai kore guda uku ko huɗu kowanne yana cewa a danna shi a sauke, to a bar shi. A lokacin ɗorawa kuma a daina danna maɓallin ci gaba da sauri kamar ana korar mutum. A karanta kowane allo, a cire alamar da aka riga aka sa a akwatin da ke ba da izinin shigo da wata manhaja daban. Fayil ɗin da ake shakka a kansa ana iya loda shi a shafin VirusTotal, wanda wani kamfanin Sifaniya ya kafa a 2004 kuma Google ta saya a 2012, inda manhajojin rigakafi kimanin 70 za su duba shi a lokaci guda. Sai dai a sani cewa abin da aka loda a can yana iya isa hannun masu bincike, saboda haka manhaja ake kai wa, ba takardar sirri ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin rubuta wannan wasiƙa. A shagunanmu da ofisoshin makarantun Islamiyya da na ƙungiyoyin Zango, kwamfuta ɗaya takan ɗauki hotunan katin shaidar ɗan ƙasa na mutane, wato Ghana Card, da shafukan fasfo na maniyyata da masu neman biza, da sakamakon jarrabawar WAEC, da takardun fili, da bayanan asusun banki. Shafukan da ake cike fom sukan ƙayyade nauyin fayil ɗin da za a loda, sai mai aiki ya ga takardar ta yi nauyi, nan take ya buɗe wani shafin intanet na rage nauyin PDF ko haɗa takardu, ya loda katin shaidar dattijon da ke zaune a gabansa yana jira. Dattijon bai san cewa hotonsa da lambarsa da ranar haihuwarsa sun tafi wata kwamfuta a wata ƙasa ba, shi ma mai aikin bai san wanda ke riƙe da wannan kwamfutar ba, balle ya san ko za a goge. Wasu daga cikin waɗannan shafuka na kamfanonin kirki ne, amma mai shago ba shi da hanyar bambance su da ido, kuma a watan Maris na 2025 ofishin FBI na birnin Denver ya yi gargaɗi a kan shafukan canza fayil na kyauta da ke cusa bairos ko kwashe bayanan da ke cikin takardun.

Takardar da aka miƙo mana amana ce, kuma dokar ƙasa ma ta san da haka, domin Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, ta kuma kafa hukumar da ke sa ido a kan hakan. Alhali duk waɗannan ayyuka ana iya yin su a cikin kwamfuta ba tare da fayil ya fita ko'ina ba. NAPS2 manhaja ce ta kyauta da ke aiki da sikana, tana haɗa shafuka da yawa su zama PDF guda, kuma idan aka zaɓi matsakaicin kaifi tun wajen ɗauka, fayil ɗin ba zai yi nauyin da za a nemi ragewa ba. PDFsam Basic tana haɗa takardun PDF, tana raba su, tana juya shafin da ya kwanta. PDF24 Creator, ta wani kamfanin Jamus, tana rage nauyi da sauran ayyuka da yawa, kyauta ce har ga 'yan kasuwa, ko da yake ita tana da ɗan girma wajen saukewa. Wanda ya ɗora ɗaya ko biyu daga cikinsu sau ɗaya ya huta da loda takardun mutane a shafukan da bai sani ba, ya kuma huta da ƙona data a kan kowace takarda, kuma aikinsa ba zai tsaya ba ranar da intanet ta ɗauke. Ina ƙara da cewa idan an gama aikin mutum a goge kwafin takardunsa a gabansa, har daga kwandon shara na kwamfuta.

A kan tsohuwar kwamfuta, sauƙin manhaja ya fi yawan adonta muhimmanci. SumatraPDF, wadda Krzysztof Kowalczyk ya fara a 2006, 'yan megabait kaɗan ce, tana buɗe littafi mai ɗaruruwan shafuka kusan nan take, kuma ga malami ko ɗalibin da karatu kawai yake so babu abin da ya rasa. Amma wadda ta fi canza mini yadda nake aiki ita ce Everything ta voidtools. Ita ba ta bin folda ɗaya bayan ɗaya tana lalube. Tana karanta babban jadawalin sunayen fayiloli da NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, ke ajiyewa a faifai, shi ya sa kafin mutum ya gama rubuta suna sakamakon ya fito. Idan wata baiwar Allah ta dawo bayan watanni ta ce a sake buga mata takardar gayyatar da aka shirya mata, haruffa uku na sunan ango sun isa a gano ta. Sai dai da yake sunan fayil take nema, tana amfani ne ga wanda ke sa wa takardunsa suna mai ma'ana, da sunan mai aikin da irin aikin da shekara. Wanda ya bar komai da sunan da kwamfuta ta ba shi, ko wace manhaja ya ɗora zai ci gaba da wahala.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wata buƙata ta musamman. Ana buga sanarwar masallaci da takardun makarantun dare da katin ɗaurin aure ba tare da ƙ da ɗ da ɓ ba, saboda masu bugawa sun ɗauka kwamfuta ba ta da su. Windows tana da allon rubutun Hausa da ake ƙarawa daga saitin harshe, kuma akwai Keyman ta ƙungiyar SIL, manhaja ƙarama ta kyauta mai ɗauke da allunan rubutu na harsuna masu yawan gaske. Ga mai shago a Accra amfaninta biyu ne, domin da ita zai buga Hausa daidai, ya kuma buga ɛ da ɔ na Twi da Ga ga maƙwabtansa.

Ba zan tsawaita a kan ajiyar kwafi ba, domin duk wanda ya rayu a zamanin dumsor na 2015, lokacin da wutar lantarki ta yi ta yankewa a Gana, ya san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa kwamfutar tebur da faifanta. FreeFileSync tana kwatanta folda biyu ta kwafe abin da ya canza kawai zuwa faifan waje, kuma yin haka a ƙarshen kowane mako ya fi dogara da manhajojin dawo da abin da ya goge, waɗanda ba su da tabbas. Filashin da ya zagaya shaguna kuma ya dawo foldodinsa sun koma gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, kada a danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Takardun galibi suna nan, ɓoye su aka yi. A fara bincike da rigakafi, sannan a sa File Explorer ya nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda tsarin ke karewa. Ga wanda zai je Circle sayen kwamfuta ta hannu kuwa, ina ba shi shawarar ya tafi da CrystalDiskInfo a filashi, irin sigar da ke aiki ba tare da an ɗora ta ba. A gaban mai sayarwa za ta nuna sa'o'in da faifan ya yi yana aiki da kuma ko lafiyarsa ƙalau ko ya fara gazawa, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana a duba ba.

Akwai nauyi guda da ke biyo bayan kowace manhajar da aka zaɓa, wato sabunta ta. A farkon 2019 masu bincike na kamfanin Check Point sun bayyana wata ɓaraka a WinRAR da ta shekara 19 ba a gano ba, wadda ke ba da damar cusa mugun fayil ta hanyar buɗe matsattsen fayil kawai. Kamfanin ya toshe ta a siga ta 5.70, amma manhajar ba ta sabunta kanta, saboda haka duk wanda ke riƙe da tsohuwar sigar da aka ɗora masa daga filashin mai gyara yana nan a buɗe. Haka abin yake ga Windows ɗin kanta. An daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, burauzar Chrome ta daina sabuntawa a kanta a farkon 2023, kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali da yawa daga kwamfutocin da ke kasuwarmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman na TPM 2.0, wani sashen tsaro da take buƙata a cikin kwamfuta. Wanda zai sayi kwamfuta yanzu ya tambayi wannan kafin ya tambayi yawan manhajojin da za a zuba masa. Wanda kuma aka riga aka yi wa kutse ko damfara ta intanet, Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, wadda Doka ta 1038 ta shekarar 2020 ta kafa, tana karɓar ƙorafi a lamba 292.

Malam Edita, roƙona ga jaridarku shi ne ku ware ɗan fili a kai a kai da za a riƙa bayanin manhaja guda a kowane fitowa, da Hausa, tare da adireshinta na gaskiya da sharaɗin lasisinta da aikin da take yi ba tare da intanet ba, domin mafi yawan bayanan da ke akwai da Turanci suke, kuma an rubuta su ne ga masu sababbin kwamfutoci da intanet marar yankewa. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin matasan Zango da masu kula da makarantunmu da su gayyaci masu gyaran kwamfuta na unguwa a zauna a amince da ɗan gajeren jerin halastattun manhajoji da za a riƙa ɗora wa kwamfutocin makarantu da ofisoshin masallatai, a kuma naɗa wanda zai riƙa duba sabuntawarsu. Idan aka shirya irin wannan zama a Nima ko Maamobi, a shirye nake in zo da kwamfutata in nuna yadda ake amfani da waɗanda na ambata.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu kuma mai shagon buga takardu,
Nima, Accra.